Alwatika da Hanyar Yanke

Ya kai mai karatu, ka sha ganin abin da mutane su kan yi da rani, bayan an kawar da amfanin gona. Hanyar da ta ke kewaye gonar wani da damina, sai ka ga an bar ta, kowa yana ratsawa ta tsakiya, har wata 'yar turba ta fito daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ba wanda ya yi shela ya ce a bi nan. Tsoho ya bi, yaro ya bi, akuya ma ta bi. In ka tambayi ɗayansu dalili, sai ya ce maka nan ya fi kusa, ya wuce abinsa.

Gaskiyarsa. Amma a ƙarƙashin wannan ɗan abu akwai wata ƙa'ida ta ilmin awo, wanda Larabawa su ke kira handasa. An rubuta ta a littafi yau fiye da shekara 2,000, har yanzu kuwa ana karantar da ita a makarantun sakandare ko'ina cikin duniya. Wanda ya riƙe ta da kyau, da wuya a cuce shi wajen awon gona, ba ya kuwa yanka itacen gini ya gajarce masa. Ba ta bukatar kayan aiki masu tsada. Kara, da igiya, da ƙasa mai laushi inda za ka yi zane, sun isa.

Karan dawa biyar

Ɗauki tsinke ka ɗiga ɗigo uku a ƙasa, kamar yadda a ke ajiye duwatsun murhu, kada su jeru a layi ɗaya. Sa'an nan ka ja layi miƙaƙƙe daga kowane ɗigo zuwa ɗan'uwansa. Siffar da ta fito ita a ke kira alwatika. Tana da gefe uku da kusurwa uku. Domin kada magana ta rikice, malaman wannan ilmi su kan sa wa kowace kusurwa harafi. Tun da ya ke ka iya haruffa yanzu, sai ka rubuta A a ɗaya, B a ɗaya, C a ta ukun. Gefen da ya tashi daga A zuwa B sunansa AB, haka nan kuma BC da AC. Kada haruffan nan su ba ka tsoro. Suna ne kurum, kamar yadda a ke raɗa wa ɗa suna domin a san wanda a ke kira.

To, yanzu nemi karan dawa ka yanka guda biyar: ɗaya taƙi 2, ɗaya taƙi 3, ɗaya 4, ɗaya 5, ɗaya 6. Zaɓi uku ka kwantar da su a ƙasa, ka haɗa su baki da baki, ka ga ko za su yi maka alwatika.

In ka ɗauki na 3 da na 4 da na 5, za su haɗu lafiya lau. In ka ɗauki na 4 da na 5 da na 6, haka. Amma ɗauki na 2 da na 3 da na 6. Kwantar da dogon, ka sa gajerun nan biyu a bakinsa, ɗaya nan ɗaya can, ka karkato su suna neman juna. Yi ta karkatowa har su kwanta sarai a jikin dogon. Me ka gani? Da sauran taƙi guda tsakaninsu. Ko ka kwana kana juya su, ba za su gamu ba, gama 2 da 3 biyar ne, biyar kuwa ba ta kai shida ba.

Cikin karan nan biyar, akwai hanya 10 ta zaɓen guda uku. In ka yi haƙuri ka gwada duka, za ka tarar 7 sun ba ka alwatika, 3 sun ƙi. Waɗanda suka ƙi su ne 2, 3, 6. Da 2, 3, 5. Da 2, 4, 6. Ga ƙa'idar ke nan ta fito fili: a kowace alwatika, in ka haɗa tsawon gefe biyu, ko waɗanne ne, lalle sai sun fi na ukun. Ba sai ka wahala da gwada duka ba. Haɗa gajerun nan biyu kurum, ka gwada su da dogon. In sun fi shi, alwatika ta yiwu. In ba su fi shi ba, ba ta yiwuwa.

Sai ka lura da na 2 da na 3 da na 5, gama a nan ne idon mutum ya kan ruɗe shi. Gajerun biyu sun yi daidai da dogon, ba su fi shi ba, ba su kasa ba. Da yawa in sun gwada sai su rantse sun ga wata siririyar alwatika ta fito. Kaurin kara ne ya jawo haka, da ɗan sakacin wuƙa wajen yanka. Da karan ba shi da kauri ko kaɗan, da ka ga bakunan ba su taɓa juna sai sa'ad da suka kwanta shar a kan dogon, a sa'an nan kuwa babu sauran alwatika, sai layi guda. An ce gani ya kori ji, amma ga wurin da gani da kansa ya ke bukatar mai yi masa gyara.

Inda ta ke yi maka aiki

A ce wani ya zo maka da takarda, yana sayar da fili mai kusurwa uku. An rubuta gefe ɗaya yadi 30, ɗaya yadi 45, na uku yadi 80. Kafin ka sa takalmi ka tafi dubawa, haɗa 30 da 45. Sun zama 75. Saba'in da biyar ba ta kai tamanin ba, saboda haka babu fili mai wannan awo a bayan ƙasa. Ko dai mai awon ya yi kuskure, ko iyakar tana da lanƙwasa wadda ba a faɗa ba, ko kuwa alƙalamin wani ya yi ƙari. Ko wanne ne, kada kuɗinka su fita sai an sake awo a gabanka.

To, a ce ya gyara ya ce gefe na uku yadi 74 ne. Yanzu fili ya yiwu, gama 75 ta fi 74. Amma wane irin fili? Sirit kamar harshen wuƙa. In aka auna cikinsa, bai wuce wajen yadi murabba'i 220 ba, watau ƙananan filaye 220 masu yadi ɗaya tsawo yadi ɗaya faɗi. Da gefen nan na uku yadi 54 ne, da cikin filin ya kai wajen 675. Dubi wannan da kyau. Filin da iyakarsa ta fi tsawon kewayawa, shi ne bai wuce sulusin ɗan'uwansa ba. Duk sa'ad da ka ga gajerun gefe biyu sun fi dogon da ɗan kaɗan kurum, ka san filin tsukakke ne, kome girman adadin da aka rubuta.

Gona mai gefe huɗu ma ba ta tsira ba. In ka ja layi daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, ka raba ta alwatika biyu ke nan, kowace kuwa ƙa'idar tana kanta. Abin da ya fito daga wannan shi ne, gefe mafi tsawo ba ya kai sauran ukun in an haɗa su.

Ga kuma mai ɗaura tsaikon ɗaki. A ce faɗin ɗakin ƙafa 12 ne daga bango zuwa bango. Gora biyu masu fuskantar juna, da faɗin ɗakin, alwatika ce. In kowace gora ƙafa 6 ce daga kan bango zuwa ƙololuwa, sun yi 12 daidai, watau sai su kwanta, babu tudu ko kaɗan. Ƙara wa kowace rabin ƙafa, su zama 6 da rabi, sai ƙololuwa ta tashi ƙafa 2 da rabi. In sun zama 7 da rabi, ta tashi 4 da rabi. In sun kai 10, ta tashi 8. Abin mamaki a nan shi ne rabin ƙafar farko, yadda ta ɗaga jinka har ƙafa biyu da rabi, alhali na bayanta ba su ɗagawa haka. Kafinta mai kafa katakon rufin kwano, lissafinsa ke nan shi ma, ko ya san sunansa ko bai sani ba.

Iyaka ta sama da ta ƙasa

Ƙa'idar nan tana da fuska ta biyu wadda mutane ba su cika lura da ita ba. A ce daga garinku zuwa kasuwa mil 7 ne a miƙe, daga kasuwa kuma zuwa garin surukanka mil 4. Ba ka taɓa tashi daga gida ka tafi can kai tsaye ba. Nawa ne tsakani? Ba ka iya faɗin adadin, amma ka iya yi masa shinge. Ba ya wuce mil 11, watau 7 da 4. Ba ya kuwa kasa mil 3, watau 7 a debe 4. Dalili? In da ya kasa 3, a ce 2 ne, da 2 da 4 sun zama 6, sun kasa 7, ƙa'ida ta karye ke nan. Zai yi 11 cif in kasuwa tana tsakaninku a layi ɗaya. Zai yi 3 cif in garin surukan naka yana kan hanyarka ta zuwa kasuwa. In ba haka ba, yana tsakanin biyun.

Almakashi zai nuna maka abin da ke sa shi tafiya daga 3 zuwa 11. Tsawon ƙarafan almakashi ba ya sakewa, amma gwargwadon yadda ka buɗe shi, gwargwadon nisan da bakunansa za su yi da juna. Haka gefe biyu na alwatika: in kusurwar da ke tsakaninsu ta ƙara faɗi, gefe na uku ya ƙara tsawo.

Malamin Iskandariya da masu yi masa ba'a

Wanda ya tsara wannan ilmi a littafi wani Bayunane ne, Larabawa suna ce da shi Uƙlidis. Ya yi zamani a birnin Iskandariya ta ƙasar Masar, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Littafinsa kashi 13 ne. Kashi na farko yana da mas'ala 48, kowace an gina ta a kan waɗanda suka gabace ta, kamar yadda magini ya ke jera tubali. Ƙa'idarmu ita ce mas'ala ta 20. Maganar almakashi kuwa ita ce ta 24.

Littafin nan ya yi tafiya ƙwarai. A Bagadaza, zamanin Halifa Haruna Rashid, wanda ya yi sarauta daga shekarar 786 zuwa 809, wani malami mai suna Hajjaju ɗan Yusufu ɗan Maɗar ya juya shi da Larabci. Bayansa Is'haƙu ɗan Hunainu ya sake fassarawa, Sabitu ɗan Ƙurra ya gyara. Daga Larabci ne wani Bature mutumin Ingila, Adelad na garin Bat, ya juya shi da Latin a ƙarni na 12. An fara buga shi da injin ɗab'i a birnin Fenis na ƙasar Italiya a 1482, aka kuma fitar da shi da Ingilishi a 1570. Shi ya sa in ka buɗe littafin handasa na makaranta yau, za ka tarar da hujjojin mutumin nan a ciki, ko da ba a ambaci sunansa ba.

Amma ba kowa ya yaba masa ba. Akwai almajiran wani mai hikima na Yunanawa, Abiƙur, waɗanda su kan yi wa mas'ala ta 20 dariya. Suka ce ina amfanin kafa hujja a kan abin da jaki ma ya sani? Ajiye jaki a kusurwa ɗaya, ka zuba harawa a wata, ka gani ko zai bi gefe biyu ya bar guda. Wanda ya kawo mana labarin ba'ar nan shi ne Burokulus, wani malami na birnin Atina da ya rasu a shekarar 485, ya kuwa rubuta sharhi a kan kashin farko na littafin. Amsar da ya ba su ita ce, ido ya kan nuna wa mutum abu haka ya ke, amma faɗin dalilin da ya sa ya zama haka aikin ilmi ne.

A ganina Burokulus ya fi su gaskiya, ko da ya ke ba'ar tasu da daɗin ji. Jaki ya san hanyar harawarsa, amma kawo masa takardar filin nan mai 30 da 45 da 80 ka ga abin da zai yi da ita, in ba ci ba. Ka kuma riga ka ga yadda kara ya ruɗi ido wajen 2 da 3 da 5. Gwaji yana faɗa maka labarin alwatikar da ka gwada. Hujja tana faɗa maka labarin dukan waɗanda ba ka gwada ba, har da waɗanda ba a zana ba tukuna.

Shi Burokulus ɗin ne kuma ya ba da labari, wai Sarki Batlamus na Masar ya tambayi Uƙlidis ko akwai hanyar yanke ta koyon handasa, wadda ta fi bin littafin nan sauƙi. Malamin ya amsa masa da cewa ba a share wa sarakuna wata hanya dabam ba a wannan ilmi. To, tun da sarki ma sai da aka ce ya bi a hankali, zauna ka gyara ƙasa, mu bi hujjar tare.

Hujjar Uƙlidis

Sai ka riƙe abu biyu tukuna. Na fari: in alwatika tana da gefe biyu masu tsawo ɗaya, kusurwoyin nan biyu na gindinta faɗinsu ɗaya ne. Yanka irinta a takarda ka ninka ta biyu daga ƙololuwa, za ka ga rabi ya hau rabi daidai. Na biyu: a cikin alwatika guda, kusurwar da ta fi faɗi ita ke fuskantar gefen da ya fi tsawo. Abin da a ke nufi da fuskanta shi ne, in ka tsaya a kusurwa ka dubi cikin alwatika, gefen da ke gabanka, wanda bai taɓa inda ka ke tsaye ba, shi ka ke fuskanta. Uƙlidis bai ɗauki ko ɗaya cikin biyun a kan amana ba. Ya kafa hujjar na farin a mas'ala ta 5, na biyun kuwa a ta 18 da ta 19, kana ya zo ga tamu.

Yanzu zana alwatika ABC, B a hagunka, C a damanka, A a sama. Muna so mu nuna BA da AC, in an haɗa su, sun fi BC.

Ja layin BA ya zarce A, ya ci gaba a miƙe. Ɗauki zare ka auna tsawon AC. Riƙe bakin zaren a A, ka juya shi kamar igiyar akuya a turke, har ya kwanta a kan layin nan da ka zarce da shi. Inda ya tsaya, rubuta D. Ka ga AD da AC tsawonsu ɗaya ke nan. Ka ga kuma dogon layin nan BD ba wani abu ba ne sai BA da AC an miƙe su sun zama sanda guda. Saura ka ja layi daga D zuwa C.

Dubi alwatika ADC. Gefenta biyu, AD da AC, daidai su ke, saboda haka kusurwar da ke D daidai ta ke da kusurwar da ke C, wadda ke tsakanin CA da CD. Amma a C ɗin nan akwai wata kusurwa babba, wadda ta tashi tun daga CB har zuwa CD. Ƙaramar tana cikin babbar, kamar ƙwarya cikin masaki, saboda haka babbar ta fi ta. Tun da ta fi ƙaramar, ta fi ta D ke nan, gama su biyun ɗaya ne.

To, ɗaga idonka ka dubi babbar alwatika BCD. Kusurwarta ta C ta fi ta D faɗi. Ta C tana fuskantar BD, ta D tana fuskantar BC. Bisa ga abu na biyu da ka riƙe, BD ya fi BC tsawo. BD kuwa mun ce shi ne BA da AC a haɗe. Ashe BA da AC sun fi BC. Abin da muka nema ke nan.

Ka lura ba mu auna kome da taƙi ko ƙafa ba, ba mu kuma ce alwatikar babba ce ko ƙarama ba. In ba ka gane ba a karatun fari, share ƙasa ka sake zanawa da wata siffa dabam, doguwa ko gajeruwa. A zane na uku ta kan zauna a kai.

Mai lambu da rafi

Ga wata tambaya wadda jaki ba shi da amsarta. Mutum yana da gida a A, da lambu a B, duka biyu a hayi ɗaya na wani rafi mai miƙaƙƙen baki. Kullum ya kan tashi daga gida da tulu, ya biya rafi ya ɗebi ruwa, ya kai lambu. A wane wuri zai taɓa rafin domin tafiyarsa ta fi gajarta?

A ce gidan yana da nisan yadi 300 daga bakin rafi, lambun yadi 500, tsakanin inda su ke kuwa, in ka bi bakin rafin, yadi 600. Yawancin mutane sai su gangara ruwa ta inda ya fi kusa da gida, sa'an nan su nufi lambu. Wannan yadi 1,081 ne. In ya nufi ruwan da ke daura da lambu, 1,171 ne, ya fi muni.

Ga dabarar. Zana abin a ƙasa, layi guda a madadin bakin rafi. Daga B gangara sak zuwa layin, ka ƙetare shi, ka ci gaba har ka yi nisa daidai da nisan B, watau 500. Rubuta D a nan. D kamar inuwar lambun ce a cikin ruwa. Ko wane wuri ka tsaya a bakin rafi, nisanka da B daidai ya ke da nisanka da D. Saboda haka tafiya daga A zuwa rafi zuwa B, tsawonta ɗaya da tafiya daga A zuwa rafi zuwa D. Yanzu ja layi miƙaƙƙe daga A zuwa D. Inda ya yanke bakin rafi, nan ne mashayar da za ka bi. In ka zaɓi wani wuri dabam, ka kira shi E, to, A da E da D sun zama alwatika, AE da ED kuwa sun fi AD bisa ga ƙa'idarmu. A lissafin nan namu, wurin yana yadi 225 daga inda ya ke daura da gida, tafiyar duka kuwa yadi 1,000 cif. Ragin yadi 81 ba wani abu ba ne ga mai tafiya hannu sake. Tambayi wanda ya ke yin ta da tulu a ka, kowace safiya, tun daga kaka har bazara.

Wani masani na Iskandariya mai suna Hiron, wanda ya yi zamani a ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, da irin wannan hujja ya bayyana yadda haske ya ke yi a madubi. Haske ya kan tashi daga fitila ya bugi madubi ya komo idonka, yana bin hanyar da ta fi gajarta, kamar mai lambun nan. Shi ya sa karkatar da ya ke yi wajen shiga daidai ta ke da wadda ya ke yi wajen fita.

Sai dai a yi hankali da abu guda. Ƙa'idar nan maganar nisa ta ke yi, nisan kuwa a miƙe. Ba ta ce kome a kan lokaci ba, ko kuɗin mota, ko wahala. Hanyar mota ta kan yi lanƙwasa saboda dutse da kogi, don haka in an ba ka nisan garuruwa uku bisa ga hanyoyin da a ke bi, ta yiwu ka tarar biyu sun kasa na uku, ba kuwa wanda ya yi ƙarya. Da damina, in fadama ta cika, gefe biyu sun fi guda saurin kai mutum gida, shi ya sa Hausawa su ke cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara. Ratse ta cikin shukar wani kuwa, handasa ba ta biya maka tara.

In za ka koya wa yaro

Kada ka fara masa da ƙa'ida. Ba shi karan nan biyar ka bar shi ya sha wahala, har shi da kansa ya ce maka, Baba, waɗannan sun ƙi. Sa'an nan ka tambaye shi abin da ya hana su. In ya gano da bakinsa, ya riƙe ke nan. Hujjar Uƙlidis sai daga baya, ran da ya yi maka gardama a kan 2 da 3 da 5.

Bayan kara, sai igiya. Nemi igiya ka ƙulla bakinta biyu ta zama zobe, ka sa mata ƙulli 12 masu tazara ɗaya. Sa yara uku su riƙe, kowa a kan ƙulli, su ja ta ta miƙe. Ce musu su nemi alwatika iri nawa za su iya yi. Za su yi ta sake wuri, su ga duk sa'ad da gefe ɗaya ya kai 6, watau rabin igiyar, sauran biyun sun zama 6 su ma, igiya ta kwanta biyu, ba fili a tsakani. Saboda haka gefe mafi tsawo ba ya wuce 5. Iri uku kaɗai za su samu: 4, 4, 4, da 5, 5, 2, da 3, 4, 5. Ta ƙarshen nan ka sa su dubi kusurwar da ke fuskantar gefen 5. Kusurwa ce sak irin ta ɗaki mai kusurwa huɗu, da ita kuwa magina su ke daidaita harsashin gini. In kana da ginin da za ka fara bana, ajiye igiyar nan, kada yara su ɓatar.